Jitar da Na Zaɓa wa Mai Jar Hula

Jitata ta farko daga Kano na zo da ita, a shekarar da na fara zuwa cin rani. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Dungas, muna noman gero da gyaɗa, muna kuma da 'yan shanu. In an gama kaka, samari kan tsallaka iyaka su nemo na riga kafin damina. Ni na faɗa hannun wani mai gyaran keke kusa da tashar jirgin ƙasa, mutumin kudu ne, kuma da shi da jitarsa ba sa rabuwa. A wurinsa na koyi faci da gyaran sarƙa, a wurinsa kuma na koyi inda ake ɗora yatsu a wuyan jita. Da ma ina taɓa garaya tun ina bin shanu, don haka kunnena bai sha wahala ba. Da zan dawo gida, abokan tafiyata suka sayi riguna da atamfa, ni kuwa na dage sai da maigidana ya sayar mini da tsohuwar jitarsa. Duk abin da na tara a ranin nan a kanta ya ƙare.

Ban wuce ƙauye kai tsaye ba. Na sauka a Magariya wurin yayata, wadda ke aure a can, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ranar kasuwa na zauna bayanta a gindin tsamiya na fara kaɗawa. Mutane suka taru, don mafi yawansu ba su taɓa ganin abu mai tsirkiya shida ba. Wani tsoho ya durƙusa yana leƙa ramin cikinta, wai yana neman inda muryar take fitowa.

Zamanin mulkin Faransa ne. An daina aikin dole, amma masu jar hula suna nan da ƙarfinsu. Su ne gardi-gardin kumandan, Baturen da ke riƙe da ƙasar, su ake aikawa karɓar haraji da kama mai laifi. Akwai wani daga cikinsu, dogo, mai doki baƙi, daga can yamma aka kawo shi, Hausarsa ta bariki ce, kalma ɗaya-ɗaya. Ƙauyukanmu sun san shi, don bai taɓa shiga gari ya fita ba tare da kaji rataye a sirdinsa ba.

Shi ne ya ratsa taron nan ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya rungume ta a karkace, ya ja yatsunsa duka a kan tsirkiyoyin, sai ta yi wata irin ƙara kamar an zubar da kwanoni. Wata mai nono ta fashe da dariya, wasu suka taya ta. Gardin ya dube su, ya dube ni. Ya ɗaure jitar a sirdi ya hau dokinsa ya tafi.

Washegari na je bariki in roƙe shi. Na tarar da shi zaune a kujera kusa da turken dokinsa. Jitata tana ƙasa. An ɓalle fuskarta, an sare wuyan, an zuba dusa a cikinta, dokin ya tura baki yana ci.

Ya ce mini, "Akushi mai kyau. Doki yana so."

Na tsaya ina kallo har dokin ya lashe ƙasan. Da na koma gida na gaya wa yayata, tana tsaye a kan turmi tana matsar mai. Ba ta daina ba. Sai da ta gama ta wanke hannu, sannan ta ce, "Kada ka taɓa shi da hannunka, za su kashe ka a banza. Kuma kada ka yafe masa. Ka ajiye shi."

Na ajiye shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wasu suka biyo. Na kafa rumfar gyaran keke a Magariya, kusa da inda ake awon gyaɗa, na yi aure, na tara gemu. Kusan kullum gardin nan yana wucewa ta gaban rumfata. Da farko nakan sunkuyar da kai. Daga baya na gane ba ya bukatar haka, don bai ma san ni ba. Wata rana har ya tsaya ya nemi ruwa, na ba shi, ya sha ya miƙo mini kwanon yana kallon idona. Wannan ya fi ranar dusa yi mini ciwo. Ni ina kwana da shi ina tashi da shi, shi kuwa ko fuskata bai riƙe ba.

A cikin shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, gari ya cika da baƙi. Ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, da na kamfanonin gyaɗa, waɗanda aka kawo daga bakin teku, suka zo da garmaho da jita. Da la'asar sukan zauna a ƙofar gidajensu cikin fararen kaya suna kaɗawa, mata masu wucewa suna rage tafiya. Gardin nan yana so a lissafa shi cikinsu. Ya sayi takalmi irin nasu, ya sayi agogo, amma ba sa kiransa zama. Sai ya ƙudura shi ma sai ya mallaki jita.

Ana nan wani falke Bakano, wanda kan kawo mini kayan keke a kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya iso da jita uku naɗe cikin barguna. Shi ne ya gaya wa gardin cewa mai gyaran keke ya san kan abin. Da hantsi na ga su biyu sun nufo rumfata, falken da kaya, gardin da bulala a hammata.

Gardin ya ce, "Mai keke, an ce ka san gitar. Zaɓa mini mai kyau."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na durƙusa ina kwance barguna ba tare da na dube shi ba. Ya ɗauka tsoronsa nake ji, na bar shi a haka.

Ta farko ja ce, tana sheƙi kamar an shafa mata mai, an zana furanni da tsuntsu a fuskarta, kunnuwan da ake murɗa tsirkiya da su farare kamar haure. Ita ce mai tsada a cikinsu. Da na ɗaga ta na ji nauyi, na san fenti ya yi mata yawa. Na ƙwanƙwasa fuskarta da ɗan yatsa, ta amsa mini kamar ƙyauren ɗaki. Na ɗaura tsirkiyoyin na kaɗa. Amon yana fitowa ya mutu nan take, kamar mai magana da tuwo a baki. Na ɗora ta a ido na bi wuyan da kallo, na ga ya riga ya fara ɗan lanƙwasa. Jakinta kuma, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, danko kaɗai ke riƙe da shi, har na ga wata siririyar tsaga a gefe. Ɗanyen katako ne aka yi wa ado. Na san zafin bazarar ƙasarmu ba zai bar ta ba.

Ta biyu baƙa ce, matsakaiciya a jiki da kuɗi. Tana da ƙara, za a ji ta daga nesa, amma ƙarar tana da kaifi, kuma tsirkiya ta uku tana zuza in an danna ta a tsakiya. Mai gyara zai iya lallaɓa ta. Da wani na kirki ne ya tambaye ni, kuma aljihunsa ba nauyi, da ban hana shi ita ba.

Ta uku ko fenti babu, launin itace kawai, da tabon ƙuna a gefe kamar an taɓa jingina ta kusa da fitila. Falken ya ce a hannun wani ya karɓe ta, kuma bai sa rai da ita ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na taɓa babbar tsirkiya da babban yatsa, a hankali, sai na ji amon ya shiga ƙirjina ya zauna, ya daɗe bai tafi ba. Ƙananan tsirkiyoyin kuma garau, kowace da muryarta. Wuyan a miƙe yake kamar kibiya, katakon ya bushe tun da daɗewa, babu abin da rana za ta ƙara yi masa. Kuɗinta bai kai rabin na jar ba, kuma ta fi ta sau nawa ban sani ba. Na yi maza na danne tsirkiyoyin da tafin hannu kafin gardin ya ji abin da na ji. Na yamutsa fuska na ture ta gefe.

Na ce, "Wannan ta makiyaya ce. Baƙar kuma ta yaran kanti. Ranka ya daɗe, mutum irinka in ya zauna cikin ma'aikatan biro, so ake a hango abin da ke hannunsa tun daga nesa."

Na ɗauki jar na kaɗa ta da ƙarfi, da sauri, inda ba za a gane gajartar amonta ba. Na juya ta rana ta haska furannin. Gardin ya yi murmushi. Falken ya dube ni ta gefen ido, don shi ma yana da kunne, amma wa zai hana shi sayar da mai tsada? Gardin ya so ya ɗauka, ya ce zai biya in wata ya yi. Falken ya ambaci sunan Baturen kamfanin da ke ba shi kaya, sai ga kuɗi sun fito daga aljihu. Wannan ne karo na farko da na ga mutumin nan ya biya abu.

Bayan ya tafi, na jawo mai tabon ƙuna. Falken ya ce, "Ashe ta makiyaya ce."

Na ce, "Ni ma makiyayi ne, Malam."

Ya yi dariya ya bar mini ita a yadda ya faɗa tun farko.

Da a nan na tsaya, da ramuwar ba ta kai ko'ina ba. Mutum ya yi asarar albashi, bazara ta lalata masa kaya, shi ke nan. Amma kwana kaɗan sai ga shi ya dawo, ya ce in koya masa. Ma'aikatan biro sun ƙi, ko kuma ya ji kunyar tambayarsu. Na ce ya ba ni lokaci in nemo masa kiɗa mai sauƙi wanda ya dace da shi.

Na tafi wurin yayata da sabuwar jitata. Na kaɗa mata wani ɗan kiɗa da na haɗa, gajere, wanda yatsa biyu sun isa su fitar da shi, mai shiga kai ya ƙi fita. Ta saurara har na maimaita. Na gaya mata wanda zan koya wa. Ta ajiye matsamin ƙuli ta dube ni.

Ta ce, "Kai ka ba shi kiɗan. Ni zan ba gari maganar."

A nan take, tana juya ƙuli a cikin mai, ta ɗora wa kiɗan baki:

Mai jar hula, sannu da hawa,
dokinka ya ƙoshi, kai ba ka ƙoshi.
Kajin ƙauye sun san takunka,
in sun ji ka sai su hau rumbu.

Kowace gaɓa ta zauna daram a kan tsirkiya, yadda duk Bahaushen da ya ji waƙar sau ɗaya, in aka kaɗa masa kiɗan ko ba murya, maganar zai ji. Washegari ta rera wa matan da suke sussukar gyaɗa tare. Daga nan ta shiga turame. 'Yan mata suka kai ta rijiya, masu nono suka ɗauke ta zuwa rugage, masu zuwa cin kasuwa suka wuce da ita Sassumbrum da Dungas. Ba wanda ke rera ta in jar hula tana kusa.

Ni kuwa kullum da la'asar ina bayan rumfa da ɗalibina. Ban taɓa koyar da wani da haƙuri irin wannan ba. Yatsunsa kaurara ne, tsirkiyoyin jitarsa kuma sun yi nisa da wuya, sai ya danna da ƙarfi har fatar ta tsage. Na ce masa haka kowa ya fara. Nakan kama yatsansa in ɗora inda ya dace, wannan hannun da ya sare wuyan jitata. Wani lokaci yakan kawo mini goro. Nakan karɓa, in ya tafi in ba jakin maƙwabcina.

Ya tambaye ni, "Mene ne sunan kiɗan?"

Na ce, "Taken manya ne. In mai iko ya shigo gari ake yi masa."

Ranar da ya iya shi daga farko har ƙarshe, ranar kasuwa ce. Ya sa kakinsa wankakke, ya ɗora kujera a ƙofar wani butik, wato kanti, da ke fuskantar rumfunan mata, ya zauna ya fara. Ina tsaye a rumfata da tayar keke a hannu. Kasuwar ta yi tsit kamar an ɗauke ruwa. Mata suka dubi juna. Wata ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Sai na ji muryar yayata, ƙasa-ƙasa, ba ta furta kalmomin ba, da hanci kawai take bin kiɗan. Layin masu ƙuli ya ɗauka, na masu daddawa ya karɓa. Mahauta suka riƙa buga wuƙa a kan katako suna ba shi lokaci. Gardin ya ga kasuwa guda tana rangaji saboda shi, ya ƙara ƙarfi, yana gyaɗa kai, yana murmushi ga kowa.

Haka ya yi ta yi har sanyi ya wuce. In an aike shi ƙauye karɓar haraji, da jitar yake tafiya, ya zauna a ƙofar mai gari ya kaɗa wa mutane zambon kansa. Wani ɗan uwanmu ya ba ni labarin cewa a garinmu, da ya fara, sai wata tsohuwa ta tashi da gaske ta kora kajinta, mutane suka watse cikin gidaje don kada ya ga haƙoransu. Tsoron da ake yi masa ya zube. Yara kan yi kukan kaza in ya ba da baya.

Da bazara ta kama, abin da na gani a jar jitar ya fito. Wuyan ya lanƙwashe kamar baka, fentin ya tsattsage. Wata rana yana tsakiyar kaɗawa a gaban ma'aikatan biro, jakin ya ɓalle ya tashi da tsirkiyoyin duka ya mare shi a haɓa. A wurin ne matar tafintan kumandan, wadda ta gaji da riƙe dariya, ta rera masa waƙar da kalmominta, aka kuma fassara masa dalla-dalla.

Ya same ni ina ɗaura sarƙa. Bugun farko da gindin bulala ya yi shi, a baki, haƙorina na gaba ya fita. Na tofar da jini na ce, "Ranka ya daɗe, dokinka yana nan yana cin dusa a akushin nan?"

Ya tsaya da hannu a sama. Na ga yana lalube a cikin kansa, ya daɗe, kafin ya kai ga tsamiyar kasuwa da yaron da ya zo roƙo. Da na ga ya tuna, sai na ji wani sanyi ya sauka mini har ƙafa. Sauran dukan ban ma ji shi sosai ba.

Ya ja ni zuwa kaso, ɗakin da ake kulle masu laifi a bariki. Na yi 'yan kwanaki a ciki, yayata tana aiko mini da fura. Da aka fito da ni gaban kumandan, sai Baturen ya tambayi laifina. Gardin ya ce na zage shi da waƙa. Kumandan ya ce wa ya rera? Gardin ya ce matan gari. Wa ya kaɗa? Gardin ya ce shi ne. Kumandan ya ce a faɗa masa abin da waƙar ta ce. Tafinta, wanda da ma ba sa shiri da gardin, ya gyara tsayuwa ya juya ta cikin Faransanci layi-layi, har da kwaikwayon yadda kaza ke hawa rumbu. Baturen ya yi dariya har ya share ido.

Ba adalci ne ya motsa shi ba, kada wani ya ɗauka haka. Kajin da ake ƙwacewa ya san da su, wasu ma a tukunyarsa suke ƙarewa. Ni ya sa aka ƙara mini kwanaki ina sharar bariki saboda raina kaki. Amma gardin da mata ke yi wa dariya ba zai iya karɓo haraji ba, shi ya sa kafin damina aka ba shi takardar canji zuwa can arewa, inda ba kaji sai raƙuma.

Ranar tafiyarsa na rufe rumfa na je tasha. Na zauna a kan buhun gyaɗa da jitata mai tabon ƙuna. Yana saman kamiyo cikin kaya, ya cire jar hular ya riƙe a hannu saboda iska. Ban kaɗa waƙarsa ba, ba na bukata. Wani kiɗa na yi mai daɗi, a hankali, don ya ji yadda jita ta gaske take amo, ya kuma san a gabansa take ranar nan, da kuɗi kaɗan, na ture ta gefe. Ya dube ni har motar ta tashi. Na buɗe baki na nuna masa giɓin.

Bayan mako guda wanda ya gaji ɗakinsa ya kawo mini jar jitar, ya ce a ƙarƙashin gado ya same ta, ko za ta gyaru. Na ce ba za ta gyaru ba, ya bar mini ita. Na kwance tsirkiyoyin da kunnuwan na adana, don suna da amfani. Gangar jikin na kai wa yayata. Ta sa gatari ta faskara ta, ta tura a murhu ƙarƙashin kaskon ƙuli. Fentin ya yi ta hayaƙi baƙi mai wari, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar me take ƙonawa. Ta ce musu itacen banza ne, su yi haƙuri, yanzu zai cinye.